Shekaru Uku na Aro

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 11:20 na safe

An fara yi wa Nargis gashin daji da na'ura yau. Ni ba za a yi min ba.

Motar ta fita bakwai da kwata, ta dawo sha ɗaya saura goma. 'Yata Riham ce ta tuƙa. Daga baranda na ga fitarsu, ina zuba wa na'ana'a ruwa. Ta buɗe wa maƙwabciyata Nargis ƙofar gaba, ta karɓi jakarta, ta cusa mata ɗan filo tsakanin bel da ƙirji. Filon da ta sayo min ne bayan tiyatata.

Bari in jera abin yadda ya faru, kamar yadda na shekara talatin ina tilasta wa 'yan rahoto su yi a gidan jarida. A watan Agusta na ji ƙullutu a nonon hagu. Na gaya wa Nargis a kan matakala. Ta raka ni asibiti, tsoro ya sa ta ce a duba ta ita ma, aka ga nata a dama. An yi mana aiki mako guda tsakani, aka cire ƙarin aka bar nonon, ni da ita. Iri ɗaya ne, ƙarami, mai jin magani, bai taɓa hammata ba. Dakta Shukri, likitan dajin da ke duba mu, ya ɗora fayil biyu a kan tebur. Nata ya ce sittin da tara: gashi da na'ura sau goma sha biyar, sannan ƙwaya. Nawa ya ce saba'in da ɗaya: ƙwaya kaɗai, shekara biyar.

"A shekarunki, Hajja, ba sai mun wahalar da ke ba," in ji shi. Ita Madam yake ce mata.

Na ce alhamdulillahi, an hutar da ni. Na faɗa a gaban Riham, na faɗa a gaban Nargis, na maimaita wa mai gadin gida da bai tambaye ni ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, 7:30 na safe

Bakwai da minti ashirin. Nargis ta sa jan-baki.

Talata, 4 ga Nuwamba, 4:00 na yamma

Nargis ta shigo ba sallama, kamar kullum tun shekara arba'in da ƙofofinmu suke kallon juna.

"Abla, zo ki ga zanen da suka yi min." Abla, wato yaya, take ce min tun farko. Ta buɗe wuyan riga. Layuka shuɗaye da ɗige-ɗige. "Kamar tela zai yanka yadi. Mai na'urar ya ce kada in goge wurin. Na ce masa, bawan Allah, shekara goma sha biyu rabon da wani ya kalli nan, duba a hankali, ba sauri nake ba."

Na tambaya ko da zafi.

"Ko ɗis. Kwanciya ce, hannu sama, minti goma. Abin yana zagaya ki yana gurnani kamar tsohon firji. Jiran ne wahala, shi ma Riham ba ta bari in ji. Yarinyar nan akwai hira. Ban san inda ta samo ba, ba dai wurinki ba."

Na dafa mata shayi. Ta ce sukari ya yi kaɗan, ta tashi ta ƙara da kanta. Ta san gwangwanin.

Laraba, 5 ga Nuwamba, 1:15 na rana

Kwana biyu ina karanta binciken da suke dogara da shi. Turancina ya tsufa, amma lamba lamba ce. A cikin mata ɗari irina da aka bari da ƙwaya kaɗai, kimanin goma ciwon yakan dawo musu a nonon cikin shekara goma. Waɗanda aka yi wa gashi, ɗaya ko biyu. Tsawon rai kuwa bai bambanta ba. Dakta Shukri bai yi ƙarya ba, bai ɓoye komai ba, har zana min ya yi a bayan takardar magani. Na nemi kuskurensa sosai, ban samu ba.

Sai dai maganar shekara goman. Ya dubi Nargis ya ga matar da za ta kai can har ta zarce. Ya dube ni ya ga wadda ba sai an damu da shekararta ta tara ba. Bai faɗa ba. Yana da ladabi.

An kuma rubuta cewa ba a so a jinkirta gashi da yawa bayan aiki. Wata uku na fi gani. Jiya na cika mako shida.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, 11:45 na safe

Bakwai da kwata. Sha ɗaya da rabi. Gashin minti goma ne.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Wannan ban taɓa rubuta shi ba.

Sunana Awaɗif, amma ba ni ce ta farko ba. Ta farkon, yayata, an haife ta a hamsin da huɗu, a ƙauyenmu na Munufiyya. Ƙyanda ta ɗauke ta kafin ta cika uku. Mahaifina bai je gari ya sanar ba. Da aka haife ni, a shekarar da ta biyo bayan yaƙin Suwes, ana tsakiyar shukar auduga. Zuwa ofishin lafiya yini guda ne a kan jaki, ga tambayar da za a yi masa kan waccan. A cikin akwati kuma ga takarda, da hatimi, da sunan 'ya mace. Sai suka ba ni. Ba mu kaɗai ba ne. A layinmu na san maza biyu da suka shiga soja da takardun yayyensu.

Goggo Sanniya ce ta gaya min ina shekara goma sha uku, muna tsince shinkafa a tire. Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce uwata ta so ta sa min Widad, aka ce mata suna yana nan a rubuce, a bar wahala. A makaranta na girmi kowa a rajista, na fi kowa ƙanƙanta a layi. A hukumance ita ba ta mutu ba, ni ba a haife ni ba.

Shekarata sittin da takwas. Nargis ta girme ni.

Mijina ya rasu bai sani ba. Riham ba ta sani ba. Mutum ɗaya na gaya wa, ranar da aka binne uwata, a kicin, ina wanke kofunan masu gaisuwa ina kuka. Ta rungume ni, ta ce ta ji, ta binne. Washegari ta ce min Abla kamar ba a yi ba, har yau.

Na san abin da mai hankali zai ce: ki je ki faɗa wa likita. To amma na yi ritaya da wannan takarda, da ita ake biyana, da ita na yi aure, da ita na je Hajji. Kuma ni ce na sa aka dakatar da wani ɗan rahoto mako biyu saboda ya ƙara wa mamaci shekara biyu a shafin ta'aziyya. Na ce masa a gaban kowa, shekarun mutum ba abin kintace ba ne.

Ban da haka, na riga na ce alhamdulillahi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, 9:00 na safe

Yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa tun da na tashi. Na kasa buɗe kwalbar zaitun, na ci burodi da cuku. 'Yar takardar cikin kwalin ƙwayar ta ce hakan yakan faru. Gwiwoyi ma.

Kwalin yana kan firji.

Litinin, 10 ga Nuwamba, 12:40 na rana

Sun dawo sha biyu da minti biyar. Riham ta shigo wurina a tsaye, da makullin mota a hannu, ta ajiye min ledar fitir, gurasar nan mai man shanu.

"Mun tsaya a hanya, Tant Nargis ta ce tana marmari. Ga naki."

Kwata ne. An yanka an ci uku.

Na ce ashe makarantar tasu ta daina aiki da safe. Ta ce ta yi musanyar darussanta da abokan aiki na mako uku, shugabar ta yarda da ƙyar, duk ranakun hutunta ta zuba a ciki.

"Duka?"

"Mama, ke ai Allah ya raba ki da wannan. Tant ba ta da kowa."

"'Ya'ya biyu gare ta."

"A waya. Ɗaya a Kuwait, ɗaya a Milano. Waya ce za ta riƙe mata hannu a matakala?"

Na ce akwai tasi a duniya. Ta kalle ni irin kallon ubanta. "Wa ya dinga karɓata daga makaranta lokacin da kike wurin buga jarida har magariba? Tasi?"

Ba ta faɗa da faɗa ba. Ta sumbaci kaina, ta tambayi ko ina shan magani, na ce yana nan, ta tafi. Minti shida ta yi.

Gaskiya ce. Tana aji biyu ta rubuta a littafinta cewa abincin da ta fi so shi ne miyar mulukiyyar Mama Nargis. Malamar ta ba ta maki cikakke. Ni na gyara mata kuskure biyu a shafin, na sa hannu.

Laraba, 12 ga Nuwamba, 8:10 na safe

Nargis ta ce an haife ta a hamsin da shida. Amma ta taɓa ba ni labarin bikin wata yayarta dalla-dalla, har launin rigar amarya, bikin da a lissafina aka yi tana shekara biyu. A ƙauyensu 'ya mace sai ta yi wayo ake kai ta likita ya duba haƙoranta ya yanka mata shekaru. Ba ni da hujja. Ba zan buga labari a kan wannan ba.

Na dai rubuta.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, 2:30 na rana

Na dafa shinkafa da madara, har da kirfa, don Riham ta ce Nargis ba ta iya cin abu mai nauyi yanzu. Ƙofarta a buɗe take. Na shiga har bakin ɗaki.

Tana zaune a gefen gado, riga a sauke, wurin ya yi jawur kamar wanda ruwan zafi ya zuba wa. Riham ta durƙusa a gabanta tana shafa mata man da asibiti suka bayar, da yatsu biyu, a hankali, tana hura mata iska da baki. Nargis idonta a rufe. Riham tana cewa, "Saura biyar, Tant, kin cinye biyu bisa uku, jaruma."

Nawa tabon ni nake shafa wa mai, a banɗaki, a gaban madubi. Ba ta taɓa gani ba. Da ta nemi gani bayan aiki na ce mata babu abin kallo.

Na ajiye kwanon a kan teburin falo na fito. Ban yi tari ba, ban ja takalmi ba.

Na tsaya a madubi na daɗe. Fatar lafiya ƙalau, fara, ba ƙuna. Na ji haushinta. In ana neman abin kunya a wannan littafi, ga shi nan.

Asabar, 15 ga Nuwamba, 10:30 na safe

Nargis ta dawo da kwanon cike da dabino, don ba a mayar da kwano wayam. Ta zauna da ƙyar. Ta rame a fuska, jan-bakin bai rufe ba.

"Abla, kin shigo kin fita kamar ɓarauniya. Ƙamshin kirfa ya tona ki."

Na ce ban so in katse su ba.

Sannan ta ce, "Akwai wata a layinmu na asibiti, daga Banha, shekararta sittin da takwas. Irin namu ne sak. Ana yi mata."

Na ce Allah ya ba ta lafiya.

"Ki gaya masa mana."

"In gaya masa me?"

"Kin fi ni sani, ke ce mai karatu. Ina kwance a ƙarƙashin abin nan kullum ina tunanin ki. In ce ga ni tsohuwa ana yi min, ga yarinya a gida tana ba na'ana'a ruwa."

Na ce ta bar ni da likitana, shi ya san aikinsa. Na ce ko motar ce ta yi musu faɗi, suna neman ta ukun da za ta zauna a baya ta riƙe musu fitir?

Ta dube ni. "Au, nan ne ke ciwon."

Na ce babu inda ke ciwo. Ta ɗauki dabino ɗaya daga wanda ta kawo, ta ci, ta ajiye ƙwallon a kan jaridata, ta fita.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, 7:25 na safe

Ban fita baranda ba. Na ji ƙarar ƙofar mota sau biyu, da dariya.

Litinin, 17 ga Nuwamba, 9:15 na safe

Yatsun sun saki, kwana uku ke nan. Rubutuna ya dawo daidai. Kwalin yana kan firji.

Talata, 18 ga Nuwamba, 12:10 na rana

Yau sun dawo da wuri, goma da rabi. Riham ba ta raka ta ciki ba. Ta buɗe ƙofata da nata makullin, ta tsaya a tsakiyar falo.

"Mama, shekararki nawa?"

Na ce katina yana cikin jaka, ta duba.

"Ban tambayi kati ba."

Na cire tabarau na ninke. Na tambaye ta wa ya gaya mata, ko da yake mutum ɗaya ne a duniya.

"A kan gada ta faɗa min, cikin cunkoso. Na kusa bugar motar gaba. Ina da yayar uwa da ban taɓa ji ba. Mun yi miki bikin cika saba'in, Mama. Na yi odar kek, na rubuta lamba a kai, kika hura kyandir kika ce kin gode."

Na ce kek ɗin ya yi daɗi.

"Kada ki yi min haka. Kin zauna a gaban likita ya ce saboda shekarunki, kika yi shiru. Ina gefenki ina murna, na fito na kira mijina ina cewa an tsallake. Mako uku ina kai wata ina dawowa, uwata tana sama tana kallona."

Ashe ta san ina kallo.

Na yi mata bayanin lambobin, goma da ɗaya, da tsawon rai. Na yi shi da kyau, a tsare. Ta bar ni na gama. Sai ta wuce kicin don ta sha ruwa, na ji ta tsaya. Ta fito da kwalin a hannu, ta zare katin ƙwayoyin, ta ɗaga shi sama ta fuskar taga tana dubawa.

Ta ga inda na tsaya da sha. Ta sa shi a jakarta. Ta ce ranar Lahadi ƙarfe ɗaya za mu ga Dakta Shukri, ta riga ta kira daga mota.

A bakin ƙofa ta juyo. "Me ya sa ita kika gaya wa?"

Na ce ita ce a kicin ɗin a ranar.

Talata, 5:30 na yamma

Na ƙwanƙwasa wa Nargis, abin da ban taɓa yi ba a ƙofar nan. Tana kwance a kujera da tawul mai sanyi a ƙirji.

Na ce shekara ashirin da bakwai ta riƙe, sai yanzu bakinta ya yi ƙaiƙayi.

"Na faɗa. Ki kai ni kotu. Ki kawo takardar haihuwarki shaida."

Na ce amana na ba ta.

"Amanar da za ta ci miki nono ba na riƙe ta. Na gaya miki ranar Asabar kika yi min maganar fitir. To na gaya wa wadda kike jin tsoro."

Na ce ba ta ishe ta ba ne, ta karɓi safiyar yarinyar, ta karɓi ƙuruciyarta, yanzu kuma abin da ya rage tsakanina da ita shi ma sai ta bakinta zai fito? Na faɗi wasu abubuwa bayan wannan. Ba zan rubuta su ba. Na ambaci 'ya'yanta.

Ta cire tawul ɗin ta juya shi ta ɗaya gefen.

"Kin san hirar da muke yi a motar nan? Ke. Tun daga nan Shubra har asibiti. Mama ta ci abinci kuwa, Mama ba ta son a taɓa ta, Tant ya zan yi da Mama. Na gaji da ke, wallahi. Ina da nawa ciwon."

Na juya zan fita, ta ce, "Kuma daga yau ke za ki dinga ce min Abla. Ja min ƙofar."

Ban san ko gaskiya ta faɗa ba game da hirar. Tana iya ƙirƙira don ta rufe min baki. Dariyar da nake ji daga sama ba ta yi kama da ta masu maganata ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, 11:30 na safe

Gashin Nargis na goma sha biyar, na ƙarshe. Matar mai gadi ta rangaɗa guɗa tun daga ƙasa, aka raba sharbat a kowane bene. An aiko min da kofi. Na sha, ya cika zaƙi.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, 4:45 na yamma

Na shirya jawabina tun jiya, sakin layi uku. Na fara da ƙyanda da auduga. Dakta Shukri ya saurara, hannu a haɓa, bai kai ƙarshen na farko ba ya yi murmushi.

"Ke ce ta uku a bana, Hajja. Kakata ma da takardar wata ta rayu. Ni ba ofishin rajista ba ne, katinki ba ruwana da shi."

Shi ke nan. Abin da na ɗauka shekara hamsin da biyar, ya rubuta shi a gefen fayil da biro, layi ɗaya.

Ya ce saba'in ba katanga ba ce. Ko a sittin da takwas akwai likitocin da za su ce a bari, kuma ba su yi laifi ba. Amma mace mai lafiyar zuciya, mai hawa bene huɗu da ƙafarta, da ya san haka da ya shimfiɗa min zaɓin biyu daidai, maimakon ya tura ni ɗaya. Ya ce wannan nasa ne, ya karɓa.

Sai Riham ta buɗe jaka ta ajiye katin ƙwayoyin a kan tebur.

Murmushin ya tafi. Ya ƙirga da bakin biro. Ya tambaya tun yaushe na daina sha. Na ce yatsuna ne, ba na iya riƙe alƙalami.

"Wannan ya fi shekarun damuna. Duk maganar barin gashi a kan ƙwayar nan ta tsaya. Babu gashi, babu ƙwaya, to me muka bar miki?"

Ya ce za a canza min wata, a gani ko gaɓoɓin za su yarda. Ya ƙirga makonni daga ranar aiki, ya ce jibi za a cika tara, akwai sauran lokaci amma ba mai yawa ba. Kwamitinsu yana zama Talata. Sannan ya rufe fayil ɗin ya ce, "Ke me kike so?"

Riham ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

Na ce ina so a yi.

Bai tambayi dalili ba, na gode masa a raina. A mota na yi ta juya abin. Kashi nawa lambobi ne, kashi nawa tsoro, kashi nawa abin da na gani a bakin ɗakin Nargis? Da ɗan rahoto ne ya kawo min wannan da na mayar masa ya je ya tantance. Na zauna a gaba. Kujerar an ja ta baya sosai, daidai ƙafafun wata. Ban gyara ba, Riham ta miƙo hannu ta gyara.

Har yanzu Hajja yake ce min.

Talata, 25 ga Nuwamba, 3:20 na yamma

Sun amince. Sau goma sha biyar. Sakatariyar ta ce layin na'urar a cike yake, za su nema min gurbi su kira. Na sha sabuwar ƙwayar a gaban Riham, ta waya, tana kallo.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, 1:00 na rana

Riham ta zo jiya da yamma, ta zauna wannan karon. Ta daɗe tana juya cokali a shayi kafin ta faɗa. Ba ta da sauran hutu ko na yini ɗaya. Abokan aikin da suka karɓar mata darussa yanzu ita ke biyansu, safiyarta duka tasu ce har ƙarshen zango, ga jarrabawa ta matso. Ta je wurin shugabar, shugabar ta ce, "Wancan karon ma ba uwarki kika ce min ba?"

Ashe haka ta ce musu.

Ta yi kuka. Na ce ba komai, akwai tasi a duniya. Wannan karon ba da gatse na faɗa ba, amma ba ta yarda ba, ni ma ban tabbata ba. Kafin ta tafi ta ce in nuna mata wurin. Na nuna mata. Ta duba, ta ce ɗinkin ya fi na Tant kyau. Na san don ni ta faɗa. Na karɓa.

Yau da hantsi aka buɗe ƙofata ba sallama. Kwana tara rabon da mu yi magana. Nargis ta tsaya daga bakin ƙofa, ba jan-baki, ta jefa rigar auduga mai maɓalli a gaba a kan kujera.

"Wannan za ki sa, naki duk masu wuya ne. Kada ki shafa turare, kada ki sa hoda. Ki zo da ruwa. Na san ƙofar baya, na san wadda ke kiran suna, tana son dabino. Ni zan kai ki."

Na ce ko matakala ba ta iya sauka sai ta huta sau biyu.

"To sai mu huta sau biyu. Kina da wata ne?"

Na ɗauki rigar na ninke. Ta ce ba ta yafe min maganar 'ya'yanta ba, kada in ɗauka ta yafe, a tasi ma ba sai mun yi hira ba. Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Riham ta rubuta wa shugabar takarda tana neman ko ranar farko kaɗai. An ce za a duba.

Sha biyu da rabi sakatariyar ta kira. Akwai wata da wataƙila za a ɗage nata saboda ƙirjinta ya kama sanyi. In haka ta faru, awo da zane ranar Lahadi, ƙarfe takwas na safe. In ba haka ba, sai tsakiyar Disamba. Ta ce kada in shirya tukuna, za ta sake kira ranar Asabar ta tabbatar.